Banufe Ya Biya Dala Don Ya Saki Kifi

Bawana Banufe, labarinka ya riga ka isowa Katsina. An ce ka ɗauki hutu, ka tsallake Kwara da Kaduna da duk fadamun da ke tsakanin Bida da Patigi, ka hau jirgin sama zuwa Seshel a tsakiyar Tekun Indiya, wai za ka yi su. Daga tsibirin Mahe ka sake shiga wani ɗan ƙaramin jirgi, tafiyar kilomita wajen 400 kudu maso yamma, ka sauka a tsibirin Alfons. Mako guda, dubban daloli. Kuma duk kifin da tsautsayi ya kawo hannunka, ka ɗauki hoto da shi, ka shafa masa baya, ka mayar da shi ruwa.

Ku ne fa kuke cika mana baki da Tsoede, wai ya taso daga Idah cikin kwale-kwalen tagulla ya hauro Kwara ya kafa muku sarauta. Ku ne masu Kuta, sarkin ruwa, a Muregi, inda Kaduna ke zuba cikin Kwara, ku ne masu tseren jirage a Patigi. Yaron Banufe kan iya riƙe filafili tun bai iya ɗaura wando ba. Yau jikan waɗannan mutane ne aka haɗa da ɗan jagora, saurayi sa'ar ɗan cikinsa, yana binsa a baya yana nuna masa inda kifi yake.

Bari in faɗa wa jama'a abin da ka je yi, don na san idan aka bar ka da majalisa gishiri zai yi yawa. Kusa da Alfons akwai wani zoben murjani da ake kira San Faransuwa. Cikinsa fili ne na farin rairayi iya ganin mutum, ruwan da ke kansa daga idon sawu zuwa gwiwa. Teku takan ciko ta janye sau biyu a rana bisa jan wata. Idan ta ciko, kifi ya biyo ta ya hau filin yana tonon ƙaguwa da jatan lande. Idan ta janye, ya koma zurfi. Saboda haka babu zancen a kafa fatsa a kishingiɗa a inuwa. A ƙafa ake yinta, cikin rana, ana saɗaɗawa kamar zalɓe, ana neman kifi da ido kafin a jefa masa komai.

Wanda aka fi nema shi ne bonfish. Jikinsa na ɗaukar launin duk abin da ke ƙarƙashinsa, don haka ba shi ake gani ba, inuwarsa ake gani a kan rairayi, ko kuma wutsiyarsa idan ta leƙo sama lokacin da ya dulmiya kai yana tono. Sai an sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, sai an bar rana a baya. Ɗan jagora kuma da lissafin agogo yake nuna wuri: gabanka ƙarfe sha biyu, damanka ƙarfe uku, hagunka ƙarfe tara. An ce ranar farko da ya raɗa maka “ƙarfe sha ɗaya, maza!”, hannunka ka duba ka ce masa ai da saura.

Abin da ke bakin ƙugiyar ma abin kallo ne. Ba tana ba ce, ba hanjin kaza ba, ba sabulun da kuke yaudarar tarwaɗa da shi ba. Gashin tsuntsu ne da na dabba da zare mai walƙiya, an ɗaure su sun yi siffar jatan lande, har da idanu na ƙarfe don ya nutse. Wani irinsa da ya yi suna an laƙaba masa sunan Charlie Smith, ɗan jagora a tsibirin Andros na Bahamas. Tunda abin ba shi da nauyin da za a wurga shi, igiyar ce aka yi wa nauyi. Sai mutum ya yi ta kaɗa sanda mai tsawon ƙafa tara, gaba da baya, igiya na warwarewa a sama, sannan ya sake ta ta tafi mita sha biyar ko ashirin, iskar teku kuwa tana nata aikin. Majiyata ta tabbatar mini abu na farko da ka kama a Tekun Indiya hularka ce, na biyu kunnenka. Allah Ya so ka a can murƙushe ƙayar ƙugiya ake yi, da sai an nemo wanzami.

Kifi na ganinka, mai jar koma. A ruwa mai haske irin wannan, inuwar igiya kaɗai ta isa ta watsa garke. Idan jatan landen ƙaryar ya faɗa a kan kifi, ya gudu. Idan ya faɗa a bayansa, bai san an yi ba. Sai a gabansa, a bari ya nutse, a riƙa fizgar igiya kaɗan-kaɗan da hannu har ya ɗauka abinci ne ke neman tserewa.

A nan dole in ba ka gaskiyarka guda ɗaya. Bonfish mai kilo biyu ko uku, da ya ji ƙugiya, yakan zare igiya wajen mita ɗari kafin mutum ya rufe baki, don a fili mara zurfi ba shi da wurin ɓuya sai gudu. Akwai kuma babban yayansu da ake kira jiti, wanda kan kai kilo 80. Shi ne BBC ta nuna a shirin Blue Planet II a 2017, a tsibirin Farquhar na Seshel ɗin nan, yana tsalle daga ruwa yana cafke tsuntsu a sama. Kifin da ke cin tsuntsu da ransa, kai kuma ka tunkare shi da gashin kaza uku. Akwai wani ma, milkfish, da ba ya kula ƙaguwa, gansakuka yake ci, har sai da aka zauna aka ɗaura masa gansakukar ƙarya. Ban san ko ka kai ga wannan darasin ba, ko kunnen ne ya hana.

Da aka matsa maka kan sakin kifi, an ce ka fake da cewa bonfish ƙaya ce zalla. Haka ne, yana da ita. Amma mutanen Hawai ba su ji tsoronta ba: cokali suke sawa su kankare naman su bar ƙayar, su yi abincinsu. Banufen da aka yaye da kan kurungu ne zai zo ya ce mana ƙaya ta kore shi?

Ainihin dalilin lissafi ne, kuma masu tsibiran sun fi ka iya shi. Beliz ta yi doka tun 2009 cewa kifayen bonfish da famit da tafon, duk wanda ya kama ya saka. Bahamas ta hana kama bonfish da koma. A San Faransuwa ƙayyade yawan masu shiga ake yi kowace rana, kuma ba a yarda a daɗe da kifi a waje, domin wanda ya galabaita kafin a sake shi abincin kifin shak ne. Kifin da aka kai kasuwa sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka saka kuwa, wannan makon ya ja Bature daga Ingila, mako mai zuwa ya ja wani daga Amurka, masu masauki da 'yan jagora da matuƙan jirgi kowa ya samu. Ka ga ke nan kifin da ake kamawa a Alfons, a tatse shi, a lallaɓa shi a sake shi don ya dawo baɗi, ba a cikin ruwa yake ba. Ta jirgin sama yake zuwa, kuma na bana daga Bida ya taso.

Na san abin da za ka ce: me Bakatsine ya sani game da ruwa? Muna da madatsar Zobe, muna da ta Jibiya, kuma ba a taɓa jin wanda ya fito da karfasa daga cikinsu ya ba ta haƙuri ba. In ma wa'azin tausayin kifi ka koyo, ga 'yan uwanka nan a bakin Kwara, masu tace ruwa da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, da masu zuba maganin ƙwari a tafki. Ka je ka karanta musu, kyauta, ba sai ka nemi fasfo ba.

Saura maganar da ta shafe ni. Watan cika-ciki na tafe, kuma shekarun nan kullum da kukan babu kake biyan kuɗin shara. Yanzu asiri ya tonu. Bana da dala za ka biya ubangidanka, ka haɗo da kwandon banda na Muregi da buhun shinkafar Badeggi, ka kawo da kanka har ƙofar gida, ka durƙusa. Kada ka tsaya a zaure kana jiran in ɗauki hoto da su in mayar maka, Bakatsine in ya kama ba ya saki.