Kwamfutar da za ta bi mutum tasha

Mu a unguwar nan, in mutum ya tashi sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, majalisa yake fara kawo maganar kafin ya taka kasuwa. Bayan la'asar, an shimfiɗa tabarma, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Tambayar farko kullum ɗaya ce: "Core i nawa ce?" In aka ce i7, sai ka ji "Ma sha Allah, Malam, ka yi sa'a." In i5 ce, sai a ce "To, Allah ya sa albarka," murya ƙasa-ƙasa.

Wannan tambayar ce take cutar da mu, kuma abin yana damuna. Akwai i7 da ta haura shekara goma a duniya, i5 ta 2018 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan: in ka ga 8250U ko 8350U, takwas ɗin farko na nufin janareshon na takwas. Daga nan ne Windows 11 ta fara karɓar yawancin injinan Intel, ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Wanda ya sayi ta ƙasa da haka yau, ya sayi abin da masu shi suka riga suka sallama.

Sai son babba. "Alhaji, ai mai faɗin allon ta fi kwarjini." Gaskiya ne, tana da kwarjini a kan tebur. Amma mai inci 15.6 takan kai kilo biyu, ga caja mai nauyi a gefe. Wanda zai goya ta a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ko ya ɗora jakarsa a cinya cikin motar Kano zuwa Damagaram, kafaɗarsa ce za ta gaya masa gaskiya. Mai inci 12.5 zuwa 14 ta ishe matafiyi, nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. ThinkPad X280, Latitude 7390, EliteBook 840 G5, duk irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sallamawa ne su shigo mana a matsayin tokumbo, kuma ƙirar aiki ce mai jure wahala. Ko a cikinsu ma a duba lambar, don akwai masu janareshon na bakwai. Ram ta kai giga 8, ma'ajiyar ta zama SSD, shi ke nan.

Inda muka fi sakaci shi ne batir. Mai shago a Farm Centre ko Banex zai ce, "Yallaɓai, batirinta na kai awa biyar," mu kuwa kunya ta hana mu gwadawa, sai mu gyaɗa kai. Ina amfanin kunya a garin da ake ɗauke wuta ba sallama? Ka ce a zare caja, ka nemi kujera ka zauna, ka kunna bidiyo na rabin awa ka ga kashi nawa ya sauka. Windows ma tana fitar da rahoton batir, ta nuna ƙarfinsa lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage yanzu. Yaron shagon ya san yadda ake buɗe shi. In tana caji ta USB-C kuwa, an huta, don fawa-bank mai ƙarfin wat 65 zai tashe ta a hanya. Mai hawa jirgin sama dai ya tuna fawa-bank a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba.

Akwai ƙananan abubuwan da sai an zo gida ake ganowa. Wadda ta fito daga ƙasar da ake Faransanci, galibi madannanta AZERTY ne, harafin A yana inda ka saba samun Q. Mutumin Maraɗi zai ji daɗinta, na Zariya zai yi ta tuntuɓe. Wata kuma kamfanin da ya yi amfani da ita ya bar mata makulli a BIOS. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, domin kayan sata na yawo, kuma ɗan kamashon da ya tare ka a bakin ƙofa ba za ka same shi gobe ba.

Da ta shigo gida kuma, ta zama ta unguwa. "Kawu, ara min in duba sakamakon JAMB." "Yaya, zan cike fom ɗin neman aiki." Ba ma hanawa, kuma bai kamata mu hana ba. Sai dai mai ita ya buɗe wa baƙi asusu daban, ya sa wa nasa kalmar sirri, ya kwafe takardun ofis a filas kafin ya miƙa. In hunturu ya kama, ya kai ta a busa mata fanka, don ƙurar da ta toshe iska ita ke sa ta zafi ta mutu ana tsakiyar aiki.