'Yan Gadon Muciya da Sauran Jama'ar Madafi

Duk gidan bikin da aka sauke tukunya, kafin a kai ga wanke kwanuka an riga an yanke wa mai girkin hukunci. Ko dai a ce "wance akwai hannu," ko a taɓe baki a ce "ta dai yi ƙoƙari," wanda kowa ya san zagi ne aka naɗe cikin ladabi. Daga nan sai tsohuwar gardama ta tashi: da iya girki ake haihuwar mutum, ko koyonsa ake yi? Masu cewa baiwa ce sun fi yawa, kuma ba banza ba, maganar tana yi wa kowa rana. Gwana ta samu inda za ta ɓoye sirrinta, raguwa ta samu inuwar fakewa.

A fara da 'yar gado. Ita ce za ta gaya miki, tana gyara ɗaurin ɗankwali, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kakarta ce ke yi wa gidan sarautar garinsu funkaso, uwarta kuwa daga wata unguwa ake aiko mata da kaji ran Sallah. Ba ta san awo ba. Tambaye ta yawan kanwar da ake sa wa ɗanwake, sai ta ce "daidai misali." Gishiri fa? "Ke dai zuba, hannunki zai gaya miki." Hannunki kuwa tun da kike bai taɓa ce miki uffan ba. In kika matsa, ta lissafa miki kayan haɗi goma ta riƙe na sha ɗaya, ki je ki gwada ya ƙi, ki dawo da bakinki ki faɗa mata abin da take son ji: "Wallahi Yaya, ku a jininku yake."

Abin da ba ta faɗa shi ne tun tana 'yar shekara bakwai take gindin murhu. Ita ce mai hura wuta, ita ce mai tankaɗe, ita ake aika maƙwabta ɗebo garwashi. Ta sha ranƙwashi a kan talgen da ya yi gudaji. Tuwonta na farko awaki aka zuba wa, su ma sai da suka yi shawara. Babu wanda ya ƙirga tukwanen da ta ƙona, don a cikin gida aka yi, aka kankare ƙanzo aka rufa asiri. "Daidai misali" ɗin nan awo ne na gaske, sai dai a yatsu ya zauna. Ta san ƙullin waina yana tashi da wuri a bazara, ya yi nawa da hunturu, domin yis ɗumi yake so. Ta san tsami yana kashe yauƙin kuɓewa, kanwa tana tada shi, tana kuma sa wake ya nuna da sauri. Ba a littafi ta gani ba, ɓarna ce ta karantar da ita.

Maƙwabciyarta ita ce mai "ni Allah bai ba ni ba." Tana faɗa da murmushin tawakkali, har ka ji kunyar yi mata gardama. Amma Allah ya ba ta haddace duk abin da ya faru a Labarina tun daga zangon farko, da sunan kowane leshi da ya shigo Kantin Kwari. Takan ɗora shinkafa ta koma ɗaki da waya, ƙauri ne ke kiranta. In an yi magana ta ce laifin gas ne, ko tukunyar ce ba ta da gindi mai kauri. A ajiye ta a gefe tukuna, ba a gama da ita ba.

Akwai kuma ɗalibar waya, wadda ta yi karatunta a YouTube da Instagram. Ita ba ta yarda da gado ba, kuma a nan ina bayanta. Tana da cokulan awo, da sikeli, da kwalaben kayan ƙamshi masu sunayen da uwar mijinta ke ɗauka magunguna ne. Abincinta ba a taɓa shi sai an ɗauke shi hoto ta fuska uku, kafin nan ya huce. Matsalarta ɗaya: malamarta ta cikin waya ta ce minti ashirin, to minti ashirin ne, ko da albasa tana ihun neman agaji tun a na goma. Waya tana nuna launi, tana jiyar da ƙarar suya, amma ba ta kawo ƙamshi, kuma hanci ne ke sanar da mai girki cewa daddawa ta dahu. Duk da haka a ba ta shekara biyu. Ranar da ta fara ajiye wayar ta sunkuya ta shinshina tukunya, 'yar gado sai ta gyara zama.

Sarauniyar dunƙule ba ta shiga gardamar ma. A wurinta amsar tana cikin takarda mai ƙyalli. Miya ta yi lami? Ƙara biyu. Ta yi ruwa? Ƙara biyu, a bi da farin magi. Kuka, taushe, miyar ganye, har dafaffen ƙwai, duk ɗanɗanonsu ɗaya, sai da ido ake bambanta su. Abin da zai ba ta mamaki shi ne kakarta ta riga bature sanin wannan sirri. A 1908 kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa, a shekarar ce kuma wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin gulutamet da ke sa romo ya yi armashi, wanda daga bincikensa aka samu Ajinomoto. To wannan sinadarin shi ne ke fitowa idan aka dafa kalwa, aka rufe ta kwana biyu ko uku ta zama daddawa. Wato tsofaffi sun daɗe suna haɗa nasu a bayan ɗaki, maƙwabta suna toshe hanci.

A leƙa wajen maza. Tuzurun jami'a da ɗan hidimar ƙasa makarantarsu ɗaya, malaminsu yunwa. Tukunya ɗaya, risho ɗaya, cokali ɗaya da ake juyawa da shi a kuma ci da shi. Shinkafa, wake, taliya, manja, duk a antaya lokaci guda, wai ai duk ciki ɗaya za su. Wanda ya iya soya ƙwai a kan Indomie har laƙabin "shef" abokai ke ba shi. Amma ka fita bakin titi da magariba ka dubi mai tsire, da mai balangu, da mai shayin da ke shiƙa ruwan zafi daga wannan kofi zuwa wancan ba tare da ɗigo ya zuba ba. Ban taɓa jin an ce da wuƙa aka haifi mai kilishi ba. Kowa ya san yaron wani ne a da: ya yi shekaru yana wanke faranti, yana kore ƙuda daga shanya, kafin a yarda ya feɗe tsoka ta yi sirantakar da rana za ta busar da ita, a tsoma a kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. Fawa sana'ar gado ce, gaskiya ne, amma abin da ɗan mahauci ya gada shi ne tashin asuba zuwa kwata. In namiji ya gwanance sai a ce ya koyi sana'a, in mace ce a ce baiwa. Wannan hanya ce mai sauƙi ta hana ta ladan wahalarta.

Sai babban alƙali, maigida mai kujera a gaban akushi. Ruwan zafi ma in ya ɗora sai ya tambayi yadda ake gane ya tafasa, amma loma ɗaya ta ishe shi yanke hukunci: "Da daɗi, sai dai ba kamar na Hajiya ba." A yi masa adalci ta wani gefen, domin harsuna sun bambanta tun daga haihuwa. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana aiki da wani gari sai ya tashi a iska, abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba, aka bincika aka tarar gadon jin wannan ɗacin ake yi. Saboda haka mai cewa shuwaka ta yi masa ɗaci fiye da kima wataƙila ba iyayi yake ba. Amma kewar girkin Hajiya ba daga nan take ba, sabo ne na shekara talatin. Kuma alƙalin yakan manta da wani shafi na shari'ar: Hajiya da man shanu da ƙashin bargo take miya, shi kuwa kuɗin cefanen da ya ajiye da safe, bayan an sayi tattasai da attaruhu, canjin ko kan kifi bai saya. Tuwon girma dai miyarsa nama.

Ita kuwa amaryar da ta tashi fafe gora ranar tafiya, saura mako biyu ɗaurin aure aka tura ta wurin gwaggo a koya mata girki, aka gama da dafa taliya lokaci ya ƙare. Sai uwa ta shiga lamarin. Kullum da la'asar ƙanin amarya yana zuwa "gaishe da Anti," da kula a cikin jakar makaranta. Ango yana ci yana santi, yana ba abokai labari a majalisa cewa shi dai ya dace. Asiri ba ya tonuwa sai ranar da surukarsa ta tafi Umara, a wayi gari hannun amarya ya bi jirgi.

Kada a manta da uwar biki, mai girkin taro, wadda ke sarrafa buhun shinkafa a tukwane uku ba tare da ƙwaya ɗaya ta caɓe ba, amma a ce ta dafa na mutum biyu, sai unguwa ta kwana uku tana ci.

To, mu koma kan baiwar Allah da aka ajiye a gefe, mai "ni Allah bai ba ni ba." Shekara takwas maigida yana lallashi, an saya mata littafi, an biya mata kuɗin makarantar koyon girki, uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Rannan sai wata 'yar uwa ta zo da labari, cikin raɗa, cewa an ga maigida a kasuwa yana taya akwatunan lefe, kuma yarinyar da ake magana 'yar gidan masu sayar da waina ce. Washegari tun kafin rana ta yi zafi tana ƙofar gidan 'yar gado, da littafin rubutu da biro a hannu, wayar ma a gida ta baro ta.

"Yaya, don girman Allah, wannan 'daidai misali' ɗin, cokali nawa ne?"