Waƙar Haɗin Gwiwa, Rigimar Raba Gari

Da zarar an ce wani matashin unguwar Maitumbi zai saki waƙar gambara ta haɗin gwiwa, unguwa ba ta sake samun barci. Sati uku ana liƙa hoto ɗaya a sitatus: samari biyu da baƙin tabarau cikin dare, sun jingina da motar da mai ita ya shiga masallaci. A ƙasa an rubuta, "Tana nan tafe."

Tun da DJ AB na Kaduna ya yi waƙa da Mr Eazi, ClassiQ kuma ya yi da M.I, duk yaron da ya taɓa riƙe makirufo ya gane cewa ba a tashi sama sai da baƙo. To, Legas da nisa, kuɗin mota kuma ya yi tsada. Sai namu ya ɗauko abokinsa daga unguwar Tunga, aka ce ai wannan ma haɗakar ƙasa da ƙasa ce.

Ranar Juma'a da sha biyun dare waƙa ta hau Audiomack. A daidai lokacin aka ɗauke wuta, duk da cewa titin unguwar ne ake bi a je tashar wutar lantarki ta Shiroro. Masoya na haƙiƙa sai da suka jira mai caji ya buɗe shago da safe.

Nan sharhi ya ɓarke. Akwai masu jera hoton wuta goma a Facebook, suna cewa "ka kashe mu, oga," alhali ko daƙiƙa 30 ba su saurara ba, data ta yi ƙasa. Akwai alƙalan teburin mai shayi, waɗanda tambayarsu ɗaya ce: wa ya cinye wani? 'Yan Maitumbi suka ce ɗan Tunga rakiya ya yi. 'Yan Tunga suka ce taimako suka kawo. Wani ɗan Bosso da ba a gayyata ba ya rantse cewa ƙaninsa zai binne su duka biyun, in da zai samu kuɗin situdiyo.

Dattawan dakali kuwa suka ce, "Allah ya shiryi 'ya'yan zamani." Can sai ɗaya ya rage murya: "Kai yaro, wannan ba jikan Malam ba ne? Sake sa mana wurin da ya ambaci unguwarmu."

Mafi yawa su ne 'yan "tura min". Mutum ɗaya ya sauke, Xender ta raba wa layi guda. Kowa na ƙaunar mawaƙin har cikin rai, amma ƙaunar ba ta san hanyar aljihu ba.

Kafin sati ya zagayo, mawaƙan sun daina gaisawa. Ɗaya na cewa don me aka sa sunansa a baya, ɗayan na neman kasonsa na kuɗin da ba a samu ba. Yanzu kowa ya koma situdiyo yana haɗa waƙar habaici, mu kuma mun gyara zama, don wannan ce za mu saurara har ƙarshe.

Jama'a, a ji waƙa tukuna kafin a yanke hukunci. In ta yi daɗi, a sa hannu a aljihu. Mai situdiyo ba ya karɓar hoton wuta.