Gafiya Ta Tare a Bangon Mai Gida

Da an gama girbin masara a ƙasar Karaye da Rogo, magidanta da yawa sukan jibge buhunansu a ƙuryar ɗaki don tsoron ɓarayi, su bar rumbu wayam. Gafiya kuwa ba ta raina gayyata. Sai ta haƙo rami ta gindin katangar laka, ta tare.

Daren farko da aka ji ƙaraf-ƙaraf cikin bango, ba mai ambaton sunanta. Uwargida za ta ce mutanen ɓoye ne, wai tun da aka tare kogin Challawa aka yi dam a 1992 suka rasa matsuguni, suke bin gidaje. Amarya ba za ta ce komai ba, amma kallon da take yi wa uwargida ya isa bayani. A turara hayaƙin aljanu, a yayyafa ruwan tofi lungu-lungu, ita kuwa baƙuwar tana ciki tana ɓarzar masara.

Sai cokula su fara ɓacewa, da ƙwandala, da guntun sabulu. Yaron gida ya sha bulala, almajirin da ke ɗebo ruwa a sallame shi. Alhali gafiya tana da jaka a kowane kunci, kuma tara tarkace a rami halinta ne tun kaka da kakanni.

Ranar da aka ga jelarta mai farin baki, ranar mai gida zai zama sarkin yaƙi. A cusa tsumma da barkono a bakin rami, a cinna wuta, a yi ta fifita. Ramin gafiya ba ƙofa ɗaya gare shi ba, don haka hayaƙin yakan ɓullo ta ƙarƙashin gado, iyali su watso tsakar gida suna tari da hawaye. In an yi rashin sa'a, darni ya kama. Ran kasuwa kuma a sayo maganin ɓera wurin mai rataye da busassun ɓeraye, a barbaɗa a ƙanzo. Washegari kaji uku sun sheƙa barzahu. In ma gafiyar ce ta ci, cikin bango za ta mutu, a kwana bakwai ana zargin juna da wari.

Abin bai tsaya ga raha ba. Inda hatsi ya zube ɓeraye na biyowa, cikinsu har da mai yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wadda ta yi kisa a Kano a farkon 2020. Bayan ɓeraye kuma kumurci kan biyo sahu, ya gaji ramin. Nan ne mai gida zai tuna yana da uzuri a masallaci, ya aika a kira gardi.

A Morogoro ta Tanzaniya, ƙungiyar APOPO horar da 'yan uwan gafiya take yi su sansano nakiyoyi da tarin fuka. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, har lambar zinariya ya samu a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya. Tamu ta Rogo, lambar da ke jiranta ita ce gorar yara da ɗan gishiri.

Maganin dai kowa ya san shi: a ɗora buhuna kan dakali nesa da bango, a share zubabben hatsi, a toshe rami da duwatsu da siminti. Aikin wuni guda. Amma mai gida ya fi son kai ƙarar maƙwabci wurin mai unguwa, wai gafiyarsa ce ke tsallakowa. Mai unguwa ya zo da kansa ya duƙa ya leƙa, ya tarar ramin yana da ƙofa a gidajen biyu, ta uku kuma ta nufi gidansa.