Zuwa ga Bazabarmen da ya ce ƙauyenmu babu komai

Bazabarme, bawan Gobirawa, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Tsegumi ya iso mini cewa tun da ka koma Yamai kake bin fada-fada kana shan shayin mutane, kana ba da labarin wai na kai ka bayan duniya, inda babu komai sai sarari da rairayi. Har an ce ka rantse cewa in mutum ya tsaya a bakin garin ya dubi gabas, zai hango gobe tana tahowa. Na yarda ka iya ƙarya mai daɗi. Amma tunda ka kai maganar bainar jama'a, bari jama'a su ji sauran.

Ba ni na gayyace ka ba. Kai ka nace sai ka ga manoma da idonka a lokacin kaka, ka cika jaka da takardu da kwalaben ruwa, ka sa takalmi sau-ciki da farar safa. Daga Maradi muka bi kwalta ta Gazawa har Tasawa kana ta zuba, kana koya mini tarihin ƙasata. Da muka bar kwalta muka nufi wajen Mayahi, surutu ya ragu. Da muka sauka daga mota muka hau kabu-kabu, taya tana nitsewa cikin yashi, sai salati. Zangon ƙarshe a amalanken shanu muka yi shi, kana zaune kan buhun dusa ka rungume jakarka, kana tambayar yaron da ke kora ko akwai rezo a gaba. Ya ce akwai, a kan jigawar can, in ka ɗaga hannu sama kuma iska ba ta kaɗawa.

Ƙarangiya ce ta fara yi maka maraba. Ka ce za ka ratsa gona ka ɗauki hoton zangarniya, taku kaɗan ka yi ka tsaya cak. Safa ta koma baƙa, ƙafar wando ta yi nauyi, ka kai hannu za ka cire ta kama yatsa, ka kai yatsa baki ta kama leɓe. Yara suka kewaye ka suna kallon ikon Allah. Wata 'yar yarinya da tallan hura a kai ta ajiye ƙwaryarta, ta ɗauko tsinke ta zauna tana tsince maka ɗaya bayan ɗaya, tana ce maka sannu baba. Wannan ba ka faɗa a fada ba.

Garin dai ƙarami ne, ban musa ba. Gidajen ba su da yawa, dangar kara ce ta kewaye su, masallaci ɗaya, rijiya ɗaya, lakwal ta zana da ake sake rufawa duk bayan damina. Rumbuna sun fi ɗakunan kwana yawa, kuma da kana da ido da nan ka fara karatu. Kowane rumbu an ɗaga shi bisa duwatsu ko guntayen itace saboda gara da danshi. Na gandu daban, wanda maigida kaɗai ke ba da izinin buɗewa. Na gamana daban, hatsin ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Dammunan da ka ga ana saukewa daga amalanke duk a ƙidaye suke, kowane goma a ware ɗaya na zakka kafin a kai sauran rumbu. Matar da ka ɗauka tana wasa da iska, shiƙa take yi, ta san daidai inda za ta juya baya don ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta faɗo cikin masaki.

Amma babban abin kunyar a gindin gawo ka yi shi, gaban maigari da dattawa. Aka ba ka hura da nonon da aka tatso da safe, ka sha ka ƙara, ciki ya ɗauka, sai malamin da ke cikinka ya farka. Ka gyara murya ka fara wa'azin hamada. Ka ce dole manoma su koyi dashen itace, ka yi alkawarin za ka yi magana a sama a kawo musu dashe cikin leda. Babu wanda ya katse ka, domin baƙo ne kai, kuma sun ji an ce Bazabarme ne, sun san sai haƙuri. Da ka gama, wani tsoho ya miƙe ya ɗauki gatarinsa ya ce ka biyo shi. Ya kai ka gindin wani kututturen sabara da ya yi toho birjik. Ya duba, ya zaɓi rassa biyu masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran, ya ɗan sassabe na ƙasa. Sai ya nuna maka wani kalgo da ya fi ka tsawo, ya ce shi ma haka aka yi masa. Ya nuna aduwa, ya nuna magarya, ya nuna gawon da ka zauna a inuwarsa kana wa'azi. Ko ɗaya ba dasa shi aka yi ba.

Sassaben zamani ke nan, bawana. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake, abin da take nema kawai a daina aske ta kowace shekara. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya sha wahalar dasa itatuwan da ke mutuwa a jihar Maradi kafin ya lura da haka a 1983, kuma yunwar 1984 ce ta sa abin ya bazu, lokacin da aka haɗa shi da rabon abinci. Tsofaffinmu 'Yar Buhari suke kiran wannan yunwa, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Daga baya manoma suka riƙe abin da kansu, maƙwabci na gani wajen maƙwabci. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Ku kuma kowace 3 ga Agusta sai ku sa manyan kaya ku dasa ɗan itace gaban kyamara, ku wanke hannu, akuya ta ƙarasa aikin kafin sati.

Ka tambayi dalilin da ya sa ake barin gawo a tsakiyar gona, ba ya hana hatsi rana? Ba ya hanawa. Da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara lokacin da shuka ke son haske, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, shi kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi a wurin. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri. Ka rubuta wannan a littafinka, na gan ka, kuma na san wata rana za ka faɗe shi a taro kamar kai ka gano.

Ba na cewa aljanna na kai ka. Ka ga rijiyar da idonka: sa ne ke jan igiya, yana tafiya yana tafiya har ya ƙanƙance kafin wasaki ya leƙo baki, mata kuma na jere da jarkoki tun asuba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki sun raba ta gado bayan gado, babu sauran filin da za a bari ya huta, ƙuduji na cin rabonsa. Da an gama ɗaurin dami samari za su watse cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu haƙar zinariya a Jado. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tiyar hatsi. Da kaka manomi na sayar da ita da araha don biyan bashi da hidimar aure, ɗan kasuwa ya tara a sito, da damina kuma manomin nan ya dawo ya sayi hatsinsa da tsada. A 2005, bayan fari da farar da suka ci amfanin 2004, akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. In kana son yin magana a sama, ga abin da za ka faɗa, ka bar mana ledar dashe.

Kuma kada ka ɗauka kai ne baƙon farko da ya taka wannan fili. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a Janairun 1851, kuma shi ya tsaya ya koyi Hausa ya saurari mutane. Voulet da Chanoine sun zo a 1899 da bindiga da wuta, suka bar gawarwaki da toka tun daga Birnin Ƙonni, har sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a watan Yuli, kabarinsu na Maijirgi, gabas da Tasawa a kan hanyar Damagaram. Mutanen nan sun ga iri-iri, don haka mai farar safa ba zai ba su tsoro ba.

Ranar komawa ma ban ji ka ba da labarinta ba. Daga garin da babu komai aka ɗora maka rabin buhun hatsi, da wake, da ƙullin riɗi, da tabarmar kaba sabuwa fil irin ta matan Gulbin Kaba, da zabi biyu. Ka yi ta cewa a bari, a bari, hannunka kuwa na kan buhun. Na san yanzu haka uwargida na dama maka hurarsa, kana sha kana zagin inda ya fito.

Maigari ya ce in damina ta faɗi ka dawo, an ware maka kunya goma da hauya mai doguwar ƙota, wadda ba sai ka sunkuya ba, saboda an lura da tumbinka. Kuɗin sharar bana ma ban gani ba, kuma Gobirawa ba sa yafe bashin bawa. Inna kuma ta ce in gaya maka zabin kyauta ne, amma kwandon da aka sa su ciki na aro ne, ka ba direban Tasawa ya kawo.