Ire-iren Masu Riƙon Jakar Kuɗi a Ƙwallon Amurka

Gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, wadda aka fi sani da NFL, tana da kulob 32, kuma tun shekarar 1994, in ban da kakar 2010, kowane kulob yake aiki a ƙarƙashin ƙa'idar iyakar albashi, wato adadin kuɗin da ba a yarda wani kulob ya zarce shi ba wajen biyan 'yan wasansa a shekara guda. A shekarar farko adadin ya tsaya a kan dala miliyan 34.6, a 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 kuma ya haura zuwa miliyan 279.2, domin ana yanko shi ne daga kuɗin shigar gasar, musamman na talabijin, wanda 'yan wasa suke da kusan kashi 48 cikin ɗari a cikinsa. Manufar dokar ita ce kada attajiri ya sayi kofi da ƙarfin aljihu. Abin da masu tsara ta ba su ambata ba shi ne cewa idan aka ba kowa jaka iri ɗaya aka ce ya cike gurabe 53 da ita, to hali ne kawai ya rage da zai bambanta mutane, kuma halin kowa yakan fito fili a watan Maris, lokacin da sabuwar shekarar gasar take kamawa, dole kowane kulob ya nuna cewa lissafinsa bai tsallake iyaka ba.

Wanda ya fi kowa shahara a cikinsu shi ne mai tura bashi gaba, kuma ba a fahimtar sana'arsa sai an san wata kafa da dokar ta bari. Albashin shekara ana lissafa shi duka a shekarar da aka biya shi, amma kuɗin sa hannu, wato dunƙulen da ake danƙa wa ɗan wasa ranar da ya rattaba hannu a kwantiragi, ana rarraba shi a littafi daidai wa daida a kan shekarun kwantiragin, har zuwa biyar. Saboda haka idan ɗan wasa yana bin albashin dala miliyan 21 a bana, sai janar manaja ya kira shi ya ce za a mai da miliyan 20 daga ciki kuɗin sa hannu a ba shi yau ɗin nan, abin da ba a taɓa jin ɗan wasa ya yi fushi da shi ba. A littafi kuwa nauyin bana ya sauko daga 21 zuwa 5, sauran 16 sun tafi sun jira a shekaru huɗu masu zuwa. Idan kwantiragin ba shi da sauran shekaru biyar, sai a liƙa masa shekarun bogi, waɗanda kowa ya san ba za a buga wasa a cikinsu ba, an rubuta su ne kurum domin a sami inda za a shanya bashin. Mickey Loomis, wanda ya zama janar manajan kulob ɗin New Orleans Saints a 2002, shi ne limamin wannan ɗariƙa. A farkon 2021, shekarar da annobar korona ta sa iyakar ta faɗo daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, kulob ɗinsa ya wayi gari da rarar kusan dala miliyan 100 sama da abin da aka halatta, masu sharhi suka yi ta shirin jana'iza, shi kuwa ya sallami wasu, ya sake rubuta kwantiragin wasu, ya shige ƙarƙashin iyakar kafin wa'adi ya cika, a shekara mai zuwa kuma ya maimaita. Irin wannan mutum yana kama da manomin da yake cin rancen hatsi da damina bisa alkawarin biya da kaka, ya kuma dogara da cewa kowace kaka za ta fi ta bara albarka, kuma abin da yake ba masu tsantseni haushi shi ne yawanci hasashen nasa yakan tabbata, tunda iyakar hawa take yi kusan kowace shekara. Illarsa ɗaya ce: ɗan wasan da ƙafarsa ta gaji ba ya koruwa, domin ranar da aka sallame shi duk abin da aka jinkirta yakan rufto a kan littafi.

Kishiyarsa shi ne marar sabo, wanda aƙidarsa ita ce gara a rabu da gwani saura shekara guda ƙarfinsa ya ƙare da a rabu da shi bayan ya ƙare da shekara guda. Bill Belichick, kocin New England Patriots a lokacin, ya nuna wannan hali ƙarara a watan Satumba na 2003, lokacin da ya sallami Lawyer Milloy, kyaftin a cikin masu tsaron baya, kwana 5 kafin wasan farko na kaka, saboda sun kasa daidaitawa a kan ragin albashi. Milloy ya koma Buffalo Bills, waɗanda su ne abokan karawar wannan makon, suka lallasa Patriots da ci 31 da nema, 'yan jarida suka ce ɗakin 'yan wasa ya juya wa koci baya. A wasan ƙarshe na kakar Patriots suka rama da 31 da nema, ba ƙari ba ragi, daga nan suka wuce suka ɗauki kofin Super Bowl. Masu kwaikwayonsa sun yi yawa tun daga lokacin, kuma akasarinsu sun gwanance a ɗaure fuska da korar mutane, sai dai sun manta cewa shi yana da gwanin mai jefa ƙwallo Tom Brady.

Akwai kuma mai sayayyar ranar farko, wanda ba ya iya barci idan kasuwar 'yan wasa masu 'yanci, wato waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, ta buɗe bai fito a kanun labarai ba. Sau da yawa shi ne mai kulob ɗin da kansa, don haka babu mai ce masa kul. Dan Snyder, lokacin da yake mallakar kulob ɗin Washington, ya ba Albert Haynesworth kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 100 a 2009, sa'o'i kaɗan da buɗe kasuwa. Haynesworth ya buga wasa 20 a kaka biyu, ya shafe kwanaki a 2010 yana faɗuwa gwajin gudu a farkon atisaye, daga bisani aka miƙa shi ga New England a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A hannun irin wannan mutum ne ake haihuwar mataccen kuɗi, wato kason iyakar albashi da ake ci gaba da lissafa wa kulob saboda ɗan wasan da ya riga ya bar shi. Denver Broncos sun nuna wa duniya iya girman da abin zai iya kaiwa: sun karɓo Russell Wilson daga Seattle a 2022, suka tsawaita masa kwantiragi da shekara 5 a kan kusan dala miliyan 245, suka sallame shi a watan Maris na 2024 tun shekarun da aka ƙara ba su fara aiki ba, suka ɗauki mataccen kuɗi na miliyan 85 a kan shekara biyu. Wilson ya tafi Pittsburgh a kan mafi ƙarancin albashi, kimanin dala miliyan 1.2, Denver tana cike masa kusan miliyan 38 domin ya yi wa wani aiki.

Batun zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wanda ake yi zagaye 7 a watan Afrilu, ya raba masu jaka gida biyu. Tun yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sabon shiga, ta yadda Sam Bradford da aka fara ɗauka a 2010 ya sami kwantiragin miliyan 78, Cam Newton da aka fara ɗauka a shekara mai bi masa ya tashi da miliyan 22. Wannan ya mai da gurbin zaɓe wata irin kadara, domin shi ne hanyar samun gwani da araha. San Francisco ta ɗauki Brock Purdy a gurbi na 262, na ƙarshe ƙwal a 2022, ya kai ta wasan ƙarshe na kakar 2023 yana karɓar albashin dala 870,000, kuɗin da wasu takwarorinsa masu jefa ƙwallo suke ninkawa a wasa guda. Gida na farko na mai tari ne, wanda yake sayar da yau ya sayi gurabe, idan lokacin amfani da su ya zo ya sake sayar da su ya sayi na baɗi. Sashi Brown na Cleveland Browns ya kai wannan ilimi maƙura a 2017, lokacin da ya yarda ya karɓi Brock Osweiler daga Houston tare da albashinsa na miliyan 16, ba don yana bukatarsa ba, sai don Houston ta haɗa masa da gurbin zagaye na biyu ladan ɗauke mata kaya. Lissafin ya yi kyau a takarda, a fili kuwa kulob ɗin ya ci wasa 1 cikin 16 a 2016, bai ci ko ɗaya ba a 2017, aka sallami Brown kafin kakar ta ƙare, wanda ya gaje shi ya zo ya tarar da rumbu cike. Gida na biyu na mai watsarwa ne. Les Snead na Los Angeles Rams bai ɗauki kowa a zagayen farko ba daga 2017 har 2023, ya yi ta musayar guraben da taurarin da suka riga suka nuna kansu, ya ci kofi a watan Fabrairu na 2022, don haka aka kira shi mai hangen nesa. Koci Mike Ditka ya yi irin wannan a New Orleans a 1999, ya ba Washington duk gurabensa na shekarar da wasu biyu na shekara mai zuwa domin Ricky Williams kaɗai, har aka ɗauke su hoto a bangon mujalla, shi da kwat, Williams da rigar amarya. Kulob ɗin ya ci wasa 3 a kakar, aka kori ango.

Mai jan ƙafa ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, kuma dokar ta tanadar masa turke. Kowace shekara kulob yana da damar ɗaure ɗan wasa guda da kwantiraginsa ya ƙare na tsawon kaka ɗaya, bisa farashin da ake cirowa daga albashin manya biyar na matsayinsa. Washington ta ɗaure Kirk Cousins haka a 2016 da 2017 tana nazarin ko ya cancanci dogon kwantiragi, nazarin ya ci kusan dala miliyan 44, Cousins ya kwance ya tafi Minnesota a 2018 a kan miliyan 84 da aka lamunce masa kaf. Jerry Jones na Dallas Cowboys, wanda yake mai kulob kuma janar manajan kansa tun 1989, ba mai iya korarsa sai shi, ya ja cinikin Dak Prescott har safiyar wasan farko na kakar 2024, sannan ya biya dala miliyan 60 a shekara, farashin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafin ranar.

A ɗaya gefen teburin akwai dillalin ɗan wasa, wanda ladansa ba ya wuce kashi 3 cikin ɗari, saboda haka yake rayuwa da talla. Shi ne yake tsegunta wa 'yan jarida babban adadi, ya bar su su gano daga baya cewa a wannan gasa kuɗin da aka lamunce ne kawai tabbatacce, shekarun ƙarshe na kwantiragi kuwa ado ne da kulob zai iya yagewa duk ran da ya ga dama. Babban makaminsa wa'adi ne, wani lokaci kuma wa'adin yakan sare shi. A watan Maris na 2013 Elvis Dumervil ya amince Denver ta rage masa albashi daga miliyan 12 zuwa 8, amma takardar da ya sa wa hannu ta iso ta na'urar faks bayan wa'adi da 'yan mintoci, kulob ya riga ya sallame shi don kada tsohon albashin ya zama wajibi. Dumervil ya kori dillalin, ya koma Baltimore. Daga nesa kuma akwai mai goyon baya da yake bugo waya gidan rediyo yana rantsuwa cewa iyakar albashi tatsuniya ce, hujjarsa ita ce Loomis, har zuwa ranar da za a sallami gwaninsa, sai ya bugo yana tambayar wanda ya cinye kuɗin.

Duk waɗannan shawarwari suna saukowa ne a kan wani ƙaramin ma'aikaci da ba ya fitowa a talabijin. A ƙarshen watan Agusta kowane kulob yakan rage 'yan wasansa daga 90 zuwa 53, wato mutum 1,184 suke rasa gurbi a faɗin gasar cikin 'yan kwanaki, kuma dole wani ya kai saƙon. 'Yan wasa suna kiransa Baturke. Yakan tsaya a bakin ƙofar ginin atisaye ko ya ƙwanƙwasa ɗaki da sassafe, ya faɗi jimlar da kowa ya haddace, cewa koci yana son ganin mutum kuma ya taho da littafin dabarun wasa, wanda a yau allon kwamfuta ne. Ƙarti masu nauyin kilo 140 sukan canza hanya idan sun hango shi, wasu su kashe waya, kamar rashin jin saƙon zai hana shi tabbata. Shi kuwa yakan ƙware a kallon ƙasa da tafiya a gaba ba tare da waiwaye ba, domin ba shi ya yanke hukuncin ba, kuma sau da yawa ɗan wasan bai gaza a fili ba, an dai sami yaro ne da zai yi kwatankwacin aikinsa a kan rabin kuɗi. Idan kwana ya kewayo babu kulob ɗin da ya nemi wanda aka sallama, ana iya mai da shi cikin ayarin 'yan atisaye 16 a kan albashin mako-mako, kuma ofishin da ya karɓe allon jiya shi ne zai bugo masa waya yana filin jirgin sama, ya ce ya dawo ya sa hannu ya karɓi abinsa.