An Ba Kura Ajiyar Nama a Nima

Ɗan yayata ya fi amarya kunya. A Nima aka haife shi, inda ko ɗan goye ya iya ciniki, amma shi idan mai koko ta manta da canjinsa, godiya yake yi ya wuce.

Yana ajin ƙarshe na sakandare wata 'yar Maamobi ta shiga ransa. Bakinsa ya ƙi buɗewa, sai ya koma rubuta wasiƙu, yana ba amininsa ya kai mata, har da kuɗin trotro da na waakye. Nima da Maamobi fa, kwata ce ta raba su, da ƙafa ake zuwa. Wata uku ana haka. Ashe ɗan aiken yana yage ƙasan takardar ne, ya sa sunansa.

Ranar Sallah asiri ya tonu. Ana kallon dawakai, ɗan yayata ya hango su tare, tana yaba wa gogan iya tsara zance. Sai ga yaron nan ya tsaya tsakiyar titi yana karanto wasiƙa ta bakwai da ka, murya na rawa, gumi ya jiƙa sabuwar shadda. Yarinya ta saurara tsaf, ta ce su duka biyun su je su yi karatun jarrabawar WASSCE.

Da dare na ce, "To, ɗana, yanzu fa?"

"Kawu, ai ban gama ba."

Washegari ya je wurin mai koko ya karɓo canjin shekara biyu, sidi 46.